Likitan da Zane Mai Motsi Ya Talauta

A watan Afrilun 1945 unguwanni da dama na birnin Osaka, a ƙasar Japan, sun riga sun koma kufai. Wata guda kafin nan jiragen yaƙin Amurka sun kwana suna yi wa garin ruwan bama-bamai masu tada gobara. Gidan silima na Shochikuza yana cikin gine-ginen da suka tsira, kuma a cikinsa ake nuna wani sabon fim na zane mai motsi mai suna Momotaro: Umi no Shinpei. Ma'aikatar sojan ruwa ce ta ba da kuɗin yin sa, don haka farfaganda ce tsagwaronta: biri da kare da sauran dabbobi cikin kakin soja, suna dira da laima a wani tsibiri suna fatattakar Turawa. Yaran da aka yi fim ɗin dominsu an kwashe yawancinsu zuwa ƙauyuka gudun bam, kujerun duk wayam.

Cikin 'yan tsirarun da suka shiga akwai wani saurayi ɗan shekara 16, siriri, mai tabarau, wanda aka tura aiki a wata masana'antar da ke yi wa soja hidima. Shi ba yaƙin ne ya tsaya masa a rai ba. Abin da ya kama shi shi ne lafiyar zanen, yadda aka fito da karkara da haske da inuwa, da wurin da ake koya wa dabbobin daji baƙaƙe ta hanyar waƙa. Ya zauna yana hawaye. Ya fito da ƙudurin cewa ko sau ɗaya ne a rayuwarsa sai ya yi irin wannan fim. Sunansa Osamu Tezuka, kuma wannan ƙuduri ne ya riƙe shi har kabari.

An haife shi ranar 3 ga Nuwamba 1928 a Toyonaka, ya tashi a garin Takarazuka. Gidansu gidan wadata ne da son nishaɗi. Mahaifinsa yana da ƙaramin majigi, yana haska wa iyalinsa finafinan Chaplin da katun na Amurka a falo, a zamanin da yawancin yaran Japan ba su taɓa ganin irin wannan na'ura a gida ba. Mahaifiyarsa kuma takan riƙe hannunsa zuwa dandalin wasan kwaikwayo na Takarazuka, inda mata zalla ke wasa, su ne sarakuna, su ne jarumai masu takobi, su ne kuma gimbiyoyi. Bayan wannan sai ƙwari. Yaro ne da ke yini a jeji yana kama su, ya dawo ya zana su dalla-dalla a littafi. Ko a masana'antar nan ta lokacin yaƙi bai daina zane ba, har a bangon makewayi yakan liƙa labaransa don abokan aiki su karanta a inda mai duba aiki ba zai gani ba.

Likitanci ya shigo ne ta hanyar ciwo. Yana matashi wata cuta ta kama hannayensa biyu har aka fara zancen yanke su, wani likita ya tsaya a kansa ya warke. Ga shi kuma kakan mahaifinsa likita ne. A 1945 ya shiga makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Osaka. Sai dai tun a Janairun 1946 wata jaridar yara ta fara buga ɗan labarinsa na zane, a 1947 kuma aka fitar da littafinsa Shin Takarajima, labarin neman dukiya a wani tsibiri, wanda ake cewa an sayar da kwafi 400,000. Abin da ya rikita yaran da suka buɗe littafin shi ne shafukan farko: mota ce kawai take gudu zuwa tashar jiragen ruwa, amma an zana ta daga nesa, sannan kusa, sannan ta gefe, ba magana, sai ka ji kamar takardar ce ke motsi. Mutumin da ke son yin fim ne bai da kyamara bai da jari, ya zuba fim ɗin a kan takarda. Irin waɗannan littattafai na labari cikin zane su Japanawa ke kira manga, kuma daga wannan lokaci salonsu ya sauya.

Da karatu da zane suka fara yi masa yawa, ya kai wa mahaifiyarsa maganar. Ta tambaye shi wanne ya fi so. Ya ce zane. Ta ce to ya yi shi. Wannan amsa ba ƙarama ba ce a ƙasar da yunwa ta biyo bayan yaƙi, inda likita ke da daraja, mai zanen katun kuwa ba wanda ke ɗaukarsa da muhimmanci. Ya dai kammala karatun, ya karɓi lasisi, har a 1961 ya samu digirin digirgir daga jami'ar likitanci ta Nara da bincike a kan maniyyin wani dodon koɗi na ruwa. Amma bai zauna a asibiti yana duba marasa lafiya ba.

A 1951 aka kawo fim ɗin Bambi na kamfanin Disney Japan. Tezuka da bakinsa ya ce ya kalle shi fiye da sau 80. Ba bidiyo a lokacin, balle a tsayar a mayar baya. Wanda ke son ya gane yadda aka sa ɗan barewa ya miƙe a kan ƙafafunsa masu rawa, dole ya sayi tikiti ya zauna, a gama, a sake, a gama, a sake. Manyan idanuwan nan masu sheƙi da aka san 'yan wasan anime (zane mai motsi na Japan) da su, da yawa daga asalinsu yana komawa ga irin wannan zama, da kuma kwalliyar matan Takarazuka.

Shekarun 1950 nasa ne. Ya koma Tokiyo, ya zauna a wani gidan haya mai suna Tokiwa-so, wanda daga baya ya cika da samarin da suka biyo sawunsa, cikinsu har da abokai biyun da aka sani da Fujiko Fujio, sunan da Doraemon ya fito a ƙarƙashinsa. A 1950 ya fara labarin farin zaki a dajin Afirka. A 1952 ya fara Tetsuwan Atom. A 1953 ya fara Ribon no Kishi a wata mujallar 'yan mata, labarin gimbiyar da aka rena a matsayin namiji don kada sarauta ta bar gidansu. Editoci sukan kwana a ƙofar ɗakinsa suna jiran shafuka, shi kuma yakan ɓace musu ya tafi silima. Kuɗi ya shigo sosai. Shi kuwa a ransa duk wannan tara jari ne. An san shi da faɗin cewa manga ita ce matarsa ta aure, zane mai motsi kuma masoyiyar waje ce, wadda ke cinye abin da aka samu.

A 1961 ya tara 'yan ma'aikata kaɗan ya buɗe ɗakin aikin da ya zama kamfanin Mushi Production. Sannan ya faɗi abin da masana harkar suka ɗauka hauka ne: zai riƙa fitar da fim na rabin awa kowane mako a talabijin. Lissafin a fili yake. Fim yana gudu ne da hoto 24 a daƙiƙa guda. Masu aiki irin na Disney sukan zana aƙalla 12 a kowace daƙiƙa. Minti 25 a haka ya kama zane 18,000, kowanne da hannu, a kwafe shi a kan leda mai haske, a shafa masa fenti, a ɗauke shi da kyamara. Kamfanin Toei, wanda ya fi kowa girma a ƙasar, da ɗaruruwan ma'aikatansa dogon fim kusan ɗaya yake iya fitarwa a shekara.

Dabarar Tezuka ita ce ya rage motsin ya ƙara labarin. Maimakon zane 12, a yi 8 a daƙiƙa, sau da yawa ma ƙasa da haka. In mutum yana magana, fuska ta tsaya cik, baki kaɗai ke buɗewa yana rufewa. In ana son a nuna gudu, a zana abu ɗaya a ja shi a gaban kyamara, ko a ja bangon da ke bayansa. In an zana jarumi yana tashi sama sau ɗaya, a adana shi, mako mai zuwa a ɗauko a sake amfani da shi. In an zo wurin tashin hankali, a matso da kyamara kan ido a tsaya, kiɗa da murya su yi sauran aikin. Talauci ne ya haifi waɗannan dabaru, amma waɗanda suka biyo baya suka mai da su ado. Duk matashin da ya taɓa kai wayarsa wurin masu tura finafinai a Kano ko Damagaram aka zuba masa Naruto, ya san wannan tsayuwar da ake yi kafin a kai naushi, iska na kaɗa gashi, komai ya yi tsit. Daga matsin da aka sha a ɗakunan Mushi ta samo tushe.

Ranar 1 ga Janairu 1963 tashar Fuji ta nuna kashi na farko na Tetsuwan Atom, baƙi da fari. Wani masanin kimiyya, Dakta Tenma, ɗansa Tobio ya mutu a haɗarin mota, ya ƙera mutum-mutumi mai kamarsa don ya maye gurbinsa. Da ya ga shekaru na wucewa yaron ƙarfen ba ya girma, sai ya tsane shi, ya sayar da shi ga masu wasan nishaɗi, har wani farfesa mai tausayi, Ochanomizu, ya ceto shi. Ni a cikin duk nau'o'in anime, wannan nau'in na fi ƙauna, labarin halittar da mutane suka yi da hannunsu sannan suka ƙi yarda tana jin zafi. Atom, wato yaron ƙarfen, yana da ƙarfin da zai rusa gari, amma yawancin wahalarsa ta tsayawa ce tsakanin mutane da 'yan'uwansa na ƙarfe, kowane ɓangare na zarginsa da cin amana. Tezuka ya ba da labarin yadda wani sojan Amurka ya taɓa naushinsa a titi bayan yaƙi saboda ba su fahimci harshen juna ba, ya ce abin ya daɗe yana cinsa. Wanda ya san wannan zai kalli Atom da wani ido.

Shirin ya karɓu nan take. A ganiyarsa kusan kashi 40 cikin ɗari na masu kallo shi suke kamawa. Kamfanin alewa na Meiji, wanda ya ɗauki nauyinsa, ya riƙa saka hotunan Atom masu manne a cikin kwalin cakulan, yara suka yi ta wawaso. Kafin shekarar ta ƙare wani reshe na tashar NBC ta Amurka ya saye shi, aka juya shi Turanci da sunan Astro Boy. An yi kashi 193 zuwa ƙarshen 1966. A cikin 1963 ɗin nan wasu kamfanoni suka shigo, aka fara Tetsujin 28-go, ƙaton mutum-mutumin da yaro ke sarrafawa, wanda ya share wa labaran manyan injinan yaƙi hanya. A 1964 Tezuka ya yi ido biyu da Walt Disney a wajen baje kolin duniya na New York, ganawa ta ɗan lokaci da ya riƙa tunawa har tsufansa. A 1965 Stanley Kubrick ya aiko masa da wasiƙa yana neman ya zo Ingila ya tsara fasalin fim ɗin 2001: A Space Odyssey. Ya ba da haƙuri, domin ba zai iya barin ma'aikatan da ke ci a ƙarƙashinsa na tsawon lokaci haka ba. A shekarar ce kuma farin zakinsa ya fito a talabijin da launi, wanda Amurkawa suka sani da Kimba. Lokacin da Disney ya fitar da The Lion King a 1994, masu zane da yawa a Japan sun yi ƙorafin kamannin da ke tsakaninsu, Disney ya musanta, kamfanin Tezuka kuma bai kai ƙara ba.

Amma akwai ɓaraka tun daga tushe, ita ce farashi. Don tasha ta yarda, kuma don kada wani ya iya yin gasa da shi, Tezuka ya karya kuɗin shirin ƙasa da abin da ake kashewa wajen yin sa. Adadin da aka fi ambata shi ne yen 550,000 a kowane kashi. Lissafinsa shi ne giɓin zai cike daga kuɗin hotuna da kayan wasa da cinikin ƙasashen waje, in bai cike ba ya zuba daga abin da manga ke kawo masa. Haka kuwa ya riƙa yi. Da rana yana shugaban kamfani, da dare yana zanen shafukan da za su biya albashi.

Kamfanin ya yi ta faɗaɗa, yana taɓa kowane irin labari. Gimbiyar nan ta Ribon no Kishi ta fito a talabijin a 1967. A 1969 aka yi Dororo, labarin wani basarake da ya yi wa aljanu 48 alkawarin sassan jikin ɗan da matarsa ke ɗauke da cikinsa don su ba shi mulki, yaron ya rayu, ya girma, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwato ido da kunne da hannu. A wannan shekarar suka yi fim na manya zalla daga Dare Dubu da Ɗaya. A 1970 Osamu Dezaki ya ja ragamar Ashita no Joe, labarin ɗan dambe daga unguwar talakawa. Aiki na kyau, asusu na zurarewa. Tezuka gwanin labari ne, amma ba ɗan kasuwa ba ne. Ya sauka daga shugabanci a 1971, a 1973 kamfanin ya durƙushe, bashi mai nauyi ya hau kansa.

Karayar ta zo daidai da lokacin da kasuwar manga ma ta juya masa baya. Matasa sun koma wa wani salo mai duhu da zafi da ake kira gekiga, editoci na cewa zamanin Tezuka ya wuce. A wannan hali ne mujallar Shonen Champion ta ba shi fili na 'yan makonni, kusan a matsayin sallama. Sai ya koma ga ilimin da ya ajiye shekara ashirin. A Nuwamban 1973 Black Jack ya fito: likitan fiɗa marar lasisi, fuskarsa da ɗinki, mai tsuga wa attajirai kuɗin da ya wuce hankali, wanda kuma sau da yawa yakan yi wa talaka aiki ya tafi bai karɓi komai ba, ko ya yi iya ƙoƙarinsa majiyyacin ya mutu a hannunsa. Kowane mako labari guda cikakke, da hanta da jijiya an zana su yadda suke. 'Yan makonnin nan suka zama shekaru. A tsakanin nan yana zana tarihin Buddha, wanda ya ɗauke shi daga 1972 zuwa 1983, yana kuma ci gaba da Hi no Tori, labarin tsuntsuwar wuta da masu neman dawwama a duniya, aikin da ya ɗauka shi ne na rayuwarsa.

Mutumin da ya sha irin wannan kaye, ya farfaɗo da ƙyar, ana zaton zai kama matarsa ta aure ya zauna lafiya. Da kuɗi ya dawo hannunsa, wurin masoyiyar ya koma. Daga 1978 ya shiga yi wa talabijin dogayen finafinai na musamman, a 1980 ya sake yin Atom da launi. Abin da ya fi burge ni a wannan zango shi ne gajerun finafinan da ya san ba za su kawo ko sisi ba. Jumping, na 1984, minti shida ne da 'yan kai. Ba ka ganin mai tsallen, da idonsa kake kallo: ya tsallake mota, ya tsallake gidaje, ya wuce daji da teku, kowane tsalle ya fi na baya, har ya faɗa tsakiyar fagen yaƙi. A nan babu tsayar da hoto, babu dabarar rage aiki, duk duniyar ce ke motsi, kowane hoto an zana shi sabo. Ya ci babbar kyauta a bikin Zagreb. A 1985 wani gajeren fim nasa ya ci ta bikin Hiroshima. Mutumin da aka ce shi ya koya wa Japan rowar zane yana nuna abin da zai yi in ba mako guda aka ba shi ba.

A ƙarshen 1988 ya je bikin finafinan zane a Shanghai jikinsa duk ya zube. Da ya dawo aka kwantar da shi. Ciwon dajin ciki ne. A gadon asibiti ya ci gaba da zane, kuma an ruwaito cewa maganarsa ta ƙarshe roƙo ce a bar shi ya yi aiki. Ya rasu ranar 9 ga Fabrairu 1989 yana da shekara 60. Ya bar shafuka kusan 150,000, tsuntsuwar wutarsa kuma ba ta kai ƙarshe ba.

Ana cikin yabo da jimami sai Hayao Miyazaki, mai shirya finafinan zane, wanda ya fara aiki a Toei a 1963 kuma ya yi gwagwarmayar ƙungiyar ma'aikata a can, ya rubuta abin da ya girgiza mutane. Ya amsa cewa manga ɗin Tezuka ta yi masa tasiri yana saurayi, har ya taɓa ƙone zane-zanensa da ya ga sun yi kama da nasa. Amma a fagen zane mai motsi ya ce mutumin ya bar mugun gado, domin arahar da ya yi wa Atom ita ta zama ma'aunin da tashoshi suka riƙe.

Ina ganin Miyazaki ya faɗi gaskiya, ko da yake bai faɗe ta duka ba. Tezuka bai karya farashi don ya ci gumin kowa ba, aljihunsa ne ya fara ɗaukar asarar. Kuskurensa shi ne ya sa kuɗin da shi kaɗai zai iya jurewa, saboda shi kaɗai ke da rijiyar manga a bayan gida. Waɗanda suka zo bayansa sun gaji farashin, ba su gaji rijiyar ba, sai giɓin ya sauka a kan ƙananan ma'aikata. Har yau yawancin masu cike zanen da ke tsakanin motsi da motsi a kan kowace takarda ake biyansu, kuma da yawansu abin ba ya isarsu zaman Tokiyo. Ana riƙe su da irin abin da ya riƙe Tezuka, wato son aikin, kuma masu kuɗin harkar sun san da haka. Wanda ke ƙaunar anime da gaske ya kamata wannan ya dame shi, kuma alhakin shekaru sittin na ƙin gyarawa ba a wuyan mamaci yake ba.

Mutanen da suka watse daga Mushi ba su bar sana'ar ba. Wasu suka kafa Sunrise a 1972, inda Yoshiyuki Tomino, wanda ya koyi aiki a kan Atom, ya fitar da Gundam a 1979. Wasu suka kafa Madhouse a wannan shekarar ta 1972, cikinsu akwai Masao Maruyama. Maruyama yana da kusan shekara 70 ya kafa MAPPA a 2011, kamfanin da daga baya ya yi Jujutsu Kaisen da sabon Dororo na 2019. A 2016 ya sake buɗe wani ƙaramin ɗakin aiki, Studio M2, da burin mai da Pluto fim, wato labarin da Naoki Urasawa ya sake ginawa daga wani babi na Atom, inda ake bin manyan mutum-mutumin duniya ana hallaka su bayan wani yaƙi da aka ƙulla a kan zargin makaman da ba a samu ba. Aikin ya ci shekaru. Ya fito a Netflix a Oktoban 2023, kashi takwas, kowanne kusan awa guda, Maruyama yana da shekara 82.